Gungumen da Muka Kusa Ƙonawa: Yadda Ake Haɗa Gangar Jikin Jita Mai Lantarki

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau maganar katako za mu yi. Na san wani zai ce, kai da ka saba yi mana maganar aikin yi da katin zaɓe, me ya kai ka shagon kafinta? Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni.

A daminar shekaru biyu da suka wuce, iska ta kayar da wata tsohuwar bishiyar mangwaro a lambun kawuna, can wajen dam ɗin Kazaure. Kafin kwana uku har an yi ciniki da masu faskare. Na je ne kawai in taya kwashe rassa, tare da wani yayanmu na unguwa, kafinta ne, ya fi shekara ashirin yana sana'ar. Da aka tsaga daidai inda gangar bishiyar ta rabu gida biyu, sai ya tsaya cak. Ya ɗebo ruwa a buta ya watsa wa wajen, ya ce, "Ɗan boko, zo ka ga wani abu." Wallahi jikin itacen nan sai ka ce shadda. Ratsi-ratsi ne kwance a gicciye, in ka matsa dama su yi haske, in ka matsa hagu su yi duhu, kamar suna motsi. Ni kuwa na taɓa ganin irin wannan a YouTube, a jikin jitar da Turawa ke saye da tsada. Na ce wa Kawu ya bar mana wannan gungumen. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, digirin naka a itacen girki zai ƙare?" Amma dai ya bari.

To bari in fara da bayanin mene ne wannan zanen, don shi ne tushen zancen. Itace yana da jijiyoyi, siraran zare ne da ke tafiya daga saiwa zuwa sama. A yawancin bishiyoyi a miƙe suke. Amma a wasu, jijiyar takan tafi tana lanƙwasa kamar igiyar ruwa, musamman wajen da babban reshe ya rabu da uwar, ko gindin da ke ɗauke da nauyi. In ka yanka irin wannan ka goge shi ya yi sumul, hannunka ba zai ji tudu ko kwari ba, amma idonka zai rantse akwai. Dalili shi ne wani sashen jijiyar yana kwance, wani ya ɗago kai, kowanne da yadda yake mayar da haske. Ku tuna da shadda: zaren kala ɗaya ne, amma zanen yana fitowa saboda yadda aka karkata saƙar. Haka abin yake.

Itacen da ya fi suna a duniya wajen wannan ado shi ne mapul, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Ba ya fitowa a ƙasarmu, bishiyar ƙasashen sanyi ce. Fari ne, mai tauri, kuma zanensa iri-iri ne. Akwai mai ratsi kamar harshen wuta, akwai mai kama da tarin gajimare, wanda aka fi samu a mapul mai faɗin ganye na yammacin Amurka ta Arewa, akwai kuma mai ɗigo-ɗigo da suke kira idon tsuntsu. Ba kowace bishiya ke da shi ba, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma ba a cika yin jita gaba ɗaya da shi ba. Sai a yi gangar jikin da wani katakon, a shimfiɗa mai zanen a fuska kamar yadda ake ɗora aiki a wuyan babbar riga.

Labarin yadda abin ya shahara ma da ban dariya. A 1952 kamfanin Gibson na Amurka ya fito da jitar da ya sa wa sunan makaɗi Les Paul. Bayanta mahogani, fuskarta mapul, amma sai suka shafe fuskar da fenti ruwan zinare, ba mai ganin katakon. Sai a 1958 suka koma shafa kala mai nuna ciki, ja a gefe, rawaya a tsakiya, zanen ya bayyana. Kasuwa ba ta karɓe ta sosai ba, bayan 1960 suka daina yin wannan samfurin. Daga baya manyan makaɗan Ingila irin su Eric Clapton da Jimmy Page suka ɗauke ta, sai kowa ya shiga nema. Yau ɗaya daga cikin na 1959 takan kai dubban ɗaruruwan daloli, kuma wadda zanen fuskarta ya fi fitowa ta fi daraja.

Ga wani abin da ya ba ni haushi da na gano shi. A wannan shekarar ta 1958, Gibson ya yi wasu jitoci biyu, Flying V da Explorer, da wani katako da ake kira korina. Ba komai ba ne illa afara, itacen Afirka ta Yamma da ake sayarwa a 'yan katako. Mahoganin Afirka da kamfanonin jita ke amfani da shi yau kuwa dangin maɗacinmu ne. Darbejiya ma da ke ƙofar kowane gida a Babura, 'yar dangin mahogani ce. Shi kansa mangwaro mai zane, a tsibirin Hawai ana yin ƙaramar jitarsu ta ukulele da shi. Kun ga kenan kayan suna nan, ilmin sarrafawar ne ya yi mana nisa.

Kafin mu shiga aikin, wani zai tambaya: shin katakon ne ke ba da sautin? Ku duba gurmi ko garaya ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos. Duk suna da rami a ciki da fata a sama. Tsirkiya ta girgiza, jaki ya kai girgizar ga fata, ramin ya ƙara mata amo. Jita mai lantarki ba haka take ba, cikinta a toshe yake. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai wani abu da ake kira fikof, ba motar a-kori-kura ba fa. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiya in ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, waya ta kai ta amfilifaya, lasifika ta fitar. Duk mai naɗin koyil ɗin fanka ko janareta ya riga ya san rabin wannan ilmin. Shi Les Paul ɗin, wajen 1940, a jikin wani guntun gungume mai kusurwa huɗu ya ɗaura wuya da tsirkiya, kuma ta yi kiɗa. Masu jita suna ta musu a kan ko irin katako yana sauya sauti. Ni a nawa ganin, babban aikin gangar jiki shi ne ta riƙe wuya da jaki gam, kada ta motsa, kada ta yi nauyin da zai karya kafaɗa. Fuskar mai zane kuwa, mu faɗi gaskiya, yawancinta don ido ne. Amma ai ido ma yana sayen kaya.

To ga yadda muka yi, har da inda muka yi kuskure.

Na baya mun same shi a sauƙaƙe. Akwai wani tsohon gadon maɗaci da ya karye a gidanmu, ya girme ni, ya bushe ƙayau. Muka haɗa falanki biyu suka ba mu faɗin da ake so. Kaurin jiki gaba ɗaya, baya da fuska, wajen milimita 45 ake nema, wato inci ɗaya da kwata uku. Fuskar iri biyu ce: ko dai siririya mai kaurin milimita 6 a shimfiɗe, ko mai kauri wajen milimita 16 da za a sassaƙe ta ta yi doro a tsakiya kamar ta Les Paul. Mu siririyar muka zaɓa, don ba mu kai can ba tukuna.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta buɗe littafi. Za ka ɗauki falanki ɗaya mai kauri ka tsaga shi ta tsakiyar kaurinsa, ya zama biyu sirara, sai ka buɗe su kamar shafukan littafi. Duk zanen da ke hagu zai fito a dama, kamar mutum da hotonsa a madubi. In ka ga jita ratsinta sun haɗu a tsakiya kamar fikafikai, wannan ne sirrin. Zarton da zai yi tsagar ya zama siriri, domin duk abin da ya ci a tsakiya yana rage kamannin ɓangarorin biyu. Daga nan sai a daidaita gefen da za su haɗu. Yaya yakan haɗa su ya ɗaga sama saitin rana. In haske ya ratso ko kamar silin gashi ne, a sake gogewa. Kada ka ce gam zai cike giɓi, ba ya cikewa. Layin nan na haɗi shi ne zai zama tsakiyar jitar, daga kansa ake auna komai.

Nan ne muka yi ta farko, kuma laifina ne. Ɗoki ya ɗebe ni. Wata biyu kacal da faɗuwar bishiyar na matsa wa Yaya muka tsaga muka manna. Ya ce, "Ƙanena, katakon nan bai gama shan iska ba." Na ce ai a taɓe ya bushe. Hunturu na shigowa, wata safiya na je shago na tarar fuskar ta dare tun daga ƙasa har kusan tsakiya, gefe guda kuma ya bankare kamar ɓawon rogo. Yaya bai ce komai ba, ya ci gaba da shan kokonsa. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Abin da ya faru shi ne, ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma yana tsukewa ne ta faɗinsa yayin da yake bushewa, ba ta tsawo ba. Maɗacin baya ya gama tsukewarsa tun kafin a haife ni, shi kuwa mangwaron yanzu ya fara. Ɗaya na ja, ɗaya ya tsaya, dole wani ya yage. Masu wannan sana'a suna son ruwan da ke cikin katako ya sauko wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, kuma tsohuwar ƙa'idarsu ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri in a iska za a busar. Zafinmu yana rage lokacin, amma yana da nasa sharrin: in bushewar ta yi sauri, baki-bakin falankin ne ke fara tsagewa. Don haka sauran da ya rage muka shafe bakunansa da narkakken kyandir, muka jera a inuwa, muka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, muka danne da bulo. Ba mu da na'urar auna danshi, sai muka ari sikelin mai shago. Duk wata mu auna mu rubuta a jikin katakon da fensir. Ran da nauyi ya daina sauka wata biyu a jere, ya yi. Mun jira fiye da shekara. Kuma a wannan karon da rani muka manna, domin katakon da aka haɗa a bushe in damina ta zo ɗan kumbura kawai zai yi, amma wanda aka haɗa da danshi hunturu ne zai yi masa hukunci.

Kafin a rufe fuska, a tuna a fara ƙwaƙule hanyoyin da wayoyi za su bi a jikin katakon baya, don in an manna an rufe kenan. Sai a shafa farin gam na kafintoci ko'ina, kada a bar ko tafin yatsa. Gam yana sa katako santsi, fuskar takan zame ta bar layin tsakiya, don haka muka kafa ƙananan ƙusoshi biyu a wajen da za a yanke a zubar. Turawa suna da abin matsewa ashirin ko fiye. Mu huɗu gare mu. Sai muka ɗora falanki mai kauri a sama, muka sa jak ɗin mota a ƙarƙashin teburin aiki ya tokare, gefuna kuma muka ɗaure da robar tayar babur. Ya kwana ya wuni a haka.

Siffar jiki ba a zana ta kai tsaye a kan katakon mai tsada. A fara yanke ta a filawud, a gyara har ta yi daidai, sannan a ɗora a bi. Wuya da fikof da sauran ƙarafa mun ciro su ne daga wata karyayyar jita da na saya a Sabon Garin Kano. Ramin da wuya zai zauna a ciki zurfinsa wajen milimita 16 ne, kuma ya kama wuyan tsam, ba girgiɗi. In da injin ƙwaƙule katako, aikin minti kaɗan ne. Mu da kurfi da guduma muka yi, yini guda.

Awon da ba a wasa da shi shi ne tsawon tsirkiya, daga inda ta tashi a saman wuya zuwa jaki. A tsarin Fender milimita 648 ne, a na Gibson wajen 628. Sandar ƙarfe ta 12 da ke jikin wuya tana daidai rabin wannan tsawon. Saboda haka ka auna daga sama zuwa ta 12, ka ninka biyu, nan ne mazaunin jaki. Ka kuskure da 'yan milimita, jitar za ta yi kyau a hoto amma duk wanda ya kaɗa ta zai ji muryarta a karkace. Sau huɗu na auna kafin in bari a huda.

Wani abu game da katako mai zane: ba ya son kaifi mai gaggawa. Tunda jijiyar hawa take tana sauka, abin fere katako yakan bi wata ya ɓantare wata. Mun rasa ɗan wani gefe a haka. Yaya ya koma tsohuwar dabararsu, kankara da fasasshen gilashi, sannan samfefa daga mai kaushi lamba 80, zuwa 120, zuwa 220. Bayan nan a shafa jiƙaƙƙen tsumma, gashin katakon ya tashi, ya bushe, a sake gogewa.

Sai ranar da na fi jin daɗi. Don zanen ya fito, ana shafa baƙin rini a fuskar duka, har ka ji kamar ka ɓata aikin shekara. In ya bushe sai a goge da samfefa. Jijiyoyin da suka ɗago kai sun sha rinin har ciki, kamar bakin rake, waɗanda ke kwance kuwa sama-sama suka sha, don haka nasu ya goge, na waɗancan ya zauna. Sai a bi da kalar da ake so, a rufe da mai mai sheƙi shafi bayan shafi. Rini ake so mai shiga jiki, ba fentin mai da ke rufe komai ba, kuma a fara gwadawa a guntayen da aka yanke. Mun gwada lalle a guntu ɗaya, ya ba da wani ja-ja mai kyau, da shi muka tafi. Da Kawu ya zo ya gani, ya daɗe yana jujjuya ta a rana, sannan ya ce, "Wannan itacen nawa ne?"

Na san a cikinku akwai waɗanda ba ruwansu da kiɗa, wasu ma ba sa son a haɗa su da shi, kuma ban zo in yi musu da kowa ba. Ku cire kalmar jita. Busar da katako, buɗe littafi, haɗi marar giɓi, awo, fito da zane, duk su ne ake buƙata a ƙofa, da teburin ofis, da akwatin lefe, da marfin durowa. Muna da Hussaini Adamu Federal Polytechnic a Kazaure, an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura a 2021, ga kafintoci a kowace unguwa da hannunsu ya faɗa. Amma ɗan makaranta ya san lissafin bai taɓa riƙe zarto ba, kafinta kuma ba wanda ya taɓa zama ya nuna masa abin da ake yi a wasu ƙasashe. Ni da Yaya waya ɗaya muka haɗa kai a kanta. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun nuna ana iyawa: Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau yana zaga Turai da Amurka, Bombino na Agadez kuma har an sa shi takarar Grammy.

Amma akwai tsoron da nake ji, kuma dole in faɗa. Kada wani ya ji wannan shirin ya ɗauki gatari. Mun ga abin da ya sami madobiya: da 'yan kasuwar Sin suka gano ta, aka yi ta lodinta daga Taraba da Adamawa da Kogi, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A 2022 maɗaci da danginsa su ma suka shiga jerin. Mu nan da hamada ke leƙo mu ta Babura, ba mu da bishiyar da za mu yi asara. Kuma zanen nan ba a cika gane shi daga waje ba, sai ka sare goma ba ka samu a ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya riga ya faɗi. Ku bi hanyar Roni ko Gwiwa ku ga itacen girki da ake jibgewa a bakin titi. A ciki akwai mararrabar rassa da gindaye waɗanda masu faskare ma ba sa so, don gardamar jijiyarsu tana cin gatari. Wannan gardamar ita ce zanen. Guntun da ya ishi fuskar jita bai kai tsawon hannu ba.

Jitar tana nan a shagon Yaya, an rataye ta. Wani yaro mai kaɗa wa mawaƙa a biki ya gwada ta ya ce tsirkiya ta uku tana ɗan zuzu a sama, don haka akwai sauran gyara a wuyan. Falanki uku sun rage daga mangwaron Kawu, kuma Yaya ya ce na gaba marfin akwati zai yi da su, ni in je in nemi mai saye.

Wanda iska ta kayar masa da mangwaro ko darbejiya ko maɗaci a bana, kafin a faskara ya tsaga wajen rabuwar reshen, ya watsa ruwa, ya ɗauki hoto a rana ya turo mana. Za mu sa hotunan tamu, har da wadda ta dare ɗin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.